Me ya sa marasa matsuguni ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsu?

Malama Rakiya:
Assalamu alaikum. Ina so in ji ra'ayinku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya a sashen gaggawa, kuma akwai wani dattijo mai gyambo a ƙauri da ya zo mana sau huɗu cikin wata biyu. Duk zuwan da ya yi, mukan wanke masa ciwon, mu naɗe shi da bandeji, sannan mu karanta masa umarni iri ɗaya: ya riƙa ɗora ƙafar a kan matashi idan ya kwanta, kada ya bari bandejin ya jiƙe, ya sha ƙwaya sau uku a rana bayan ya ci abinci, ya kuma dawo bayan kwana uku a canza masa. A zuwansa na huɗu wata abokiyar aikina ta rubuta a fayil ɗinsa cewa ba ya bin umarnin likita. Ranar ce na tambaye shi inda yake kwana. Ya ce a kan benci yake kwana a tashar mota, kuma a zaune, domin masu gadi suna korar duk wanda ya miƙe ƙafa ya kwanta. Ashe ƙafar da muke cewa a ɗaga, a rataye take kwana har gari ya waye. Da na koma na duba umarnin nan huɗu, ban ga ko ɗaya da zai iya cikawa ba. Tambayata ita ce: shin masu kwana a titi ne ba su damu da lafiyarsu ba, kamar yadda ake yawan faɗa, ko kuwa mu ne muka gina aikin lafiya gaba ɗaya a kan zaton cewa kowane majinyaci yana da ɗakin da zai koma?

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam, Malama. Labarin yana da ban tausayi, amma ina ganin bai kamata mu ɗora wa asibiti dukkan laifin ba. A Birtaniya, tun 1948 ake duba marar lafiya ba tare da ya biya ko sisi a bakin ƙofa ba. Duk da haka, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ƙiyasta cewa marasa matsuguni 726 ne suka mutu a Ingila da Wales a shekarar 2018, kuma matsakaicin shekarunsu a lokacin mutuwa 45 ne ga maza, 43 ga mata. Biyu daga cikin kowane biyar na waɗannan mace-macen suna da alaƙa da miyagun ƙwayoyi. Idan ƙofa a buɗe take kuma kyauta ce, amma mutum bai shiga ba, to ai matsalar tana wani wuri dabam. Ni a ganina shaye-shaye da taɓin hankali su ne tushen, su ne suka fitar da mutumin daga gida tun farko, kuma su ne suke hana shi neman magani.

Dakta Aminu:
Malam Bashir, alƙaluman da ka kawo daidai ne, sai dai ina so in yi gyara a kan yadda ake fassara su. Matsakaicin shekarun waɗanda suka mutu ba shi ne tsawon ran da ake sa ran mutum zai yi ba, domin yawancin masu kwana a titi matasa ne da masu matsakaicin shekaru, saboda haka dole lissafin ya yi ƙasa. Ko da an cire wannan, tazarar tana da ban tsoro, tunda a cikin sauran jama'ar ƙasar adadin ya kai 76 ga maza da 81 ga mata.

Inda na saɓa da kai shi ne batun cewa ƙofa a buɗe take. Rashin karɓar kuɗin kati abu ɗaya ne, isa gaban likita kuma wani abu ne dabam. A ƙa'idar Ingila, ba a buƙatar adireshi ko katin shaida kafin a yi wa mutum rajista a wurin likitan unguwa, amma sau da yawa ma'aikacin da ke kan teburin karɓar baƙi yakan nemi takardar da ke nuna inda mutum yake zaune, idan babu ya ce a je a dawo. Abin ya kai har sai da aka buga wasu ƙananan katuna a Landan ana raba wa marasa matsuguni, an rubuta a jiki cewa suna da haƙƙin yin rajista ba tare da adireshi ba, don su nuna wa mai tebur. Ka ga ke nan doka ta ba da izini, amma wanda ke tsaye a bakin ƙofa bai bayar ba. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Julian Tudor Hart ya bayyana wannan tun 1971 a mujallar Lancet, inda ya nuna cewa kulawa mai inganci takan yi ƙaranci ne daidai inda aka fi bukatarta. Haka kuma wani bincike da aka wallafa a 2019 a kan marasa matsuguni da aka taɓa kwantarwa a asibitocin Ingila ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu, cututtukan da ake iya shawo kansu idan an sami kulawa a kan lokaci ne suka kashe su. Ciwon zuciya, ciwon daji, ciwon huhu: irin cututtukan da ke kashe kowa, sai dai su sukan riske su da wuri.

Idris:
Ina gaishe ku duka. Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban taɓa cewa komai ba, amma wannan magana ta shafe ni kai tsaye, domin na yi wata goma sha huɗu ba ni da wurin kwana bayan na rasa aikina, kuma ina da farfaɗiya tun ina yaro. Ban taɓa shan komai ba, Malam Bashir, ko da yake ba na musun cewa da yawa daga cikin waɗanda muka kwana tare suna sha. Abin da zan ƙara shi ne, wasunsu a titin suka koya, saboda dare yana da tsawo kuma barci ba ya zuwa.

Bari in faɗi yadda yini yake tafiya. Idan gari ya waye, tunanin farko shi ne inda za ka ajiye kayanka, domin duk abin da ka mallaka yana cikin jaka biyu, kuma idan ka bar su ba za ka dawo ka same su ba. Na biyu shi ne inda za ka yi wanka ko ka zagaya. Na uku abin da za ka ci. Na huɗu, ka tabbata ka isa layin masaukin dare kafin gadaje su ƙare. Ganin likita yana zuwa ne a bayan duk waɗannan, kuma idan an ba ka lokaci da yamma, sai ka zaɓa tsakanin likita da gadon kwana. Sau biyu aka sace mini jaka, a ciki har da maganina na wata guda da katin shaidata. Da na je neman wani maganin, aka ce lokacin karɓata bai yi ba, kuma na ga irin kallon da aka yi mini, kallon wanda ake zaton ya sayar da nasa ne. Asibitin da ke duba farfaɗiyata kuwa ya ci gaba da aika wasiƙun ganawa zuwa gidan da aka kore ni daga ciki. Da na rasa ganawa biyu da ban ma san da su ba, sai aka cire sunana daga jerin majinyata.

Akwai kuma abin da mutane ba sa son a ambata, wato wari. Idan ka yi mako guda ba ka yi wanka ba, ka shiga ɗakin jira, za ka ga kujerun da ke kusa da kai suna zama fanko ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ba ya jure wannan sau da yawa. Shi ya sa muke jira sai abu ya yi tsanani mu tafi sashen gaggawa: shi kaɗai ne ba ya rufewa da dare, ba ya neman wasiƙa, kuma ba ya tambayar adireshi kafin ya taɓa ka. Ba zan ɓoye ba, akwai dare biyu ko uku da na je can ba don ciwo ba, sai don in sami kujera da haske da wurin da ba wanda zai taɓa ni.

Malama Rakiya:
Malam Idris, na gode ƙwarai da ka yarda ka faɗi wannan. Batun wasiƙun nan ya tsaya mini a rai, domin ni kaina na sha rubuta "bai zo ba" a gaban sunan mutum ba tare da na tambayi ko saƙon ya isa gare shi ba.

Zainab, mai harhaɗa magunguna:
Ina so in ƙara bayani daga ɓangaren magani, saboda kusan kowace takardar magani da ake rubutawa tana ɗauke da sharuɗɗan da ba a rubuta su ba. Maganin ciwon suga na insulin da ba a buɗe ba yana bukatar firji, wanda aka buɗe kuma yakan yi kimanin kwana 28 ne idan zafin wurin bai wuce kima ba, kuma jakar da ke yini a rana ba ta cika wannan sharaɗin ba. Mafi haɗari shi ne mai ciwon suga ya yi allurar sannan abincin da yake sa rai bai samu ba. Sugansa zai faɗi, ya fara tangaɗi da maganar da ba ta fita, masu wucewa su ɗauka maye ne su ƙyale shi. Wasu magungunan hawan jini da na ciwon zuciya suna sa yawan fitsari, kuma wanda ba shi da banɗaki zai daina shan su cikin kwana biyu, ba kuwa zai gaya maka dalili ba sai ka tambaya. Magungunan taɓin hankali da yawa suna sa barci mai nauyi, alhali barci mai nauyi a titi yana nufin a yi maka sata ko a ci zarafinka, musamman idan mace ce. Wanda ya ƙi shan irin wannan magani sau da yawa lissafi ya yi.

Tarin fuka ya fi kowanne nuna matsalar. Maganinsa na yau da kullum wata shida ne, magunguna huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran wata huɗun. Majinyaci yakan ji sauƙi bayan 'yan makonni, kuma idan ya katse a nan, ƙwayar cutar tana iya dawowa da taurin kai ta daina jin maganin, daga nan jinya ta ƙara tsawo da wahala, kuma ya yaɗa ta ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya a masauki. Abin da ke hannunmu shi ne sauƙaƙa tsarin: a zaɓi maganin da ake sha sau ɗaya a rana idan akwai, a riƙa ba da na mako guda maimakon na wata don rage asarar sata, a yi amfani da allurar da ke aiki na tsawon wata ga masu taɓin hankali idan sun amince.

Malam Bashir:
Malam Idris, ka yi haƙuri idan maganata ta yi kama da kuɗin goro, ba haka na nufa ba. Na karɓi gyara a kan cewa ba kowa ne shaye-shaye ya fitar ba. Amma ina da tambaya ga likita. Idan mafita ita ce a ɗauki asibiti a kai musu inda suke, ba mu ƙirƙiri asibiti mai daraja ta biyu ba ke nan, na talakan talakawa, wanda za a duba mutum a ƙarƙashin gada da fitilar hannu alhali sauran jama'a suna ɗaki mai na'urori? Kuma wa zai ɗauki nauyin?

Dakta Aminu:
Tambayar tana da nauyi, kuma masu wannan aikin su ma suna yi wa kansu ita. Amsar da zan bayar ita ce fita titi hanya ce ta jawo mutum cikin asibiti. A 1992 wani likita a birnin Pittsburgh na Amurka, Jim Withers, ya fara fita da dare da jakar magani a baya, sanye da tufafi irin na masu kwana a titi, tare da wani mutum da ya taɓa rayuwar titi yana yi masa jagora. Daga wannan ne aikin jinyar titi ya bazu zuwa birane da dama a duniya. Kafin shi, a 1985, an kafa shirin kula da lafiyar marasa matsuguni a Boston, kuma labarin likitansu na farko, Jim O'Connell, yana da darasi ga irinmu. Da ya isa masaukin da zai yi aiki, ma'aikatan jinya suka sa ya ajiye abin sauraron ƙirjinsa, suka ba shi aikin jiƙa ƙafafun mutane a cikin ruwan magani, ya yi makonni yana wannan kafin ya fara duba kowa. Dalilinsu shi ne mutanen nan sun sha wulaƙanci a hannun masu farar riga, kuma ba za su buɗe baki ga wanda ya tsaya a kansu yana jero tambayoyi ba, amma wanda ya durƙusa a gabansu yana wanke musu ƙafa, wata rana za su gaya masa abin da ke damunsu.

Abin da ya fi dacewa da dattijon Malama Rakiya kuwa shi ne gidan murmurewa. A 1993 shirin na Boston ya buɗe irin wannan gida, aka sa masa sunan Barbara McInnis, ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar da suka koya wa likitan nan wankin ƙafa. Wuri ne na wanda ciwonsa bai kai a ci gaba da riƙe shi a gadon asibiti ba, amma ya fi ƙarfin a mayar da shi titi. Gado ne da abinci da nas mai canza bandeji, ba wani abu mai tsada ba idan aka kwatanta da gadon asibiti. A Landan kuma akwai motar ɗaukar hoton ƙirji da ke zagaya masaukai tun 2005 tana neman masu tarin fuka kafin su kwanta.

Hajiya Saude:
Likita, duk abin da ka lissafa yana da kyau, amma ni da na shafe shekaru a aikin jin daɗin jama'a ina ganinsa kamar tufka da warwara. A wanke ciwo, a warkar, a mayar da mutum kan bencin da ya jawo ciwon. Tsohon tsari shi ne a ce wa mutum ya daina shaye-shaye, ya riƙa shan maganinsa, ya nuna ya nutsu, sannan a ba shi ɗaki a matsayin lada. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Sam Tsemberis, ya juya tsarin: a fara ba mutum ɗaki da makullinsa ba tare da sharaɗin daina komai ba, sannan ma'aikata su riƙa zuwa suna tayin taimako. Kanada ta gwada wannan a birane biyar tsakanin 2009 da 2013 da mutane sama da 2,000 masu taɓin hankali, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma waɗanda aka ba ɗaki sun zauna a gidajensu fiye da sauran nesa ba kusa ba. Finlan ta mayar da shi manufar ƙasa a 2008, ta mai da manyan masaukan kwana zuwa gidajen haya na dindindin, kuma ƙasar da ke da marasa matsuguni kimanin 18,000 a 1987 ta sauko ƙasa da 4,000 a farkon shekarun 2020.

Ina kuma so a tuna da mata, domin ba kasafai ake ganinsu a ƙididdiga ba. Mace takan gwammace ta kwana yau a ɗakin wannan, gobe a na wancan, ko ta zauna da mai dukanta, da ta kwanta a fili. Idan kuma tana da ciki, sau da yawa takan guje wa awo saboda tsoron kada hukuma ta karɓe jaririn idan aka gane ba ta da wurin zama.

Dakta Aminu:
Hajiya, ina tare da ke a kan gida, amma gaskiya ta wajaba. Abin da gwaje-gwajen suka tabbatar ba tare da tantama ba shi ne mutane suna zama a gidajen. A kan lafiyar jiki da shaye-shaye, sakamakon bai fito fili haka ba. A gwajin Kanada ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan daidai a waɗannan fannoni. A 2018 ma cibiyar masana kimiyya ta ƙasar Amurka ta duba binciken da ake da shi ta ce ba ta ga ƙwaƙƙwarar hujjar cewa irin waɗannan gidaje suna inganta lafiya ba, in ban da ga masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Ina faɗin haka ne domin idan muka yi wa masu riƙe da baitulmali alkawarin cewa gida zai rage kuɗin asibiti har ya biya kansa, ranar da lissafi bai fito ba za su janye.

Hajiya Saude:
Na yarda kada a yi alkawarin da ba za a cika ba. Sai dai yawancin binciken nan shekara biyu kawai suka bi mutane, kuma jikin da ya yi shekara ashirin yana lalacewa ba zai nuna gyara cikin shekara biyu ba. Na ga waɗanda suka rasu 'yan watanni bayan sun karɓi makulli, saboda sai da suka zauna wuri ɗaya aka samu damar yi musu gwaji, aka tarar cutar ta riga ta yi nisa. Wannan jinkirin ba da gidan yake nunawa. Ban da haka, ni da kai ba wanda ya nemi mu nuna cewa hawan jininmu ya sauka kafin a yarda mun cancanci ɗakin kwana.

Malam Bashir:
Akwai abu ɗaya da ya sa na sassauta, kuma ba tausayi ba ne, lissafi ne. A 2017 cutar hanta mai yaɗuwa ta hanyar bayan gida ta ɓarke a birnin San Diego na Amurka, ta kama mutum kusan 600, ta kashe 20, mafi yawansu marasa matsuguni da masu shan ƙwaya, kuma sai bayan ta ɓarke aka girka wuraren wanke hannu da banɗakuna a tituna aka bi mutane da rigakafi. Haka a 2020, da annobar korona ta zo, Ingila ta kwashe mutum kusan 15,000 zuwa otal-otal da wasu masaukai cikin 'yan makonni. Ashe ana iyawa idan an ga wutar za ta ci gidan kowa. Abin da har yanzu ban samu amsarsa ba shi ne mutumin da hankalinsa ya gushe, yake ƙin ɗaki, yake ƙin magani, ƙafarsa tana ruɓewa. A ƙyale shi saboda 'yancinsa, ko a ɗauke shi da ƙarfi?

Dakta Aminu:
Dokokin ƙasashe sun bambanta, amma galibi suna ba da damar tsare mutum don jinya ne kawai idan taɓin hankalin ya sa ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, ko kuma ya kasa fahimtar abin da ƙin maganin zai jawo masa. Irin waɗannan suna nan, kuma na taɓa sa hannu a kan takardar tsare wasunsu ba tare da na yi nadama ba. Sai dai ba su da yawa kamar yadda ake zato, kuma kalmar "ya ƙi" da ake rubutawa a fayil tana bukatar a bi ta da tambaya: me aka yi masa tayi, wa ya yi tayin, kuma sau nawa?

Malama Rakiya:
Tunda an tambaye ni ta bayan fage yadda aka ƙare da dattijon, ya dawo karo na biyar da zazzaɓi, ciwon ya shiga jini, aka kwantar da shi kwana tara. Cikin kwana uku kumburin ƙafar ya saɓe, kuma ina da yaƙinin kwanciyar da ya samu a miƙe ta yi aiki kamar yadda allurar ta yi. An sallame shi ranar da ba na bakin aiki, ban sake ganinsa ba. Abin da na canza tun daga lokacin shi ne, kafin in karanta wa kowa umarnin sallama, nakan tambaye shi inda zai kwana a daren. Malam Idris, ko akwai abin da kake ganin ya kamata in ƙara?

Idris:
Ki ci gaba da tambayar, Malama, amma kada ki yi ta a gaban layi ko da murya mai ƙarfi, domin da ni ne a wancan lokacin zan ce miki ina da gida. Ki ja labule tukuna. Idan za ki ba shi ranar dawowa, ki rubuta a ƙaramin kati ki sa a leda, saboda takarda ba ta kwana biyu a aljihun mai kwana a waje, kuma ki nemi lambar wani wanda yake ganinsa kullum, ko mai shago ne ko ma'aikacin masauki, domin wayarsa ba lallai ta kai mako mai zuwa ba. Idan da hali, ki sa masa lokacin safe.